Rijiya ta bayar, guga ya hana: tsufan kayan ban ruwa daga filin golf na Dutse zuwa fadamun Gwaram

A watan Maris, duk koren da idonka ya gani a kudancin Jigawa, in ka ɗebe darbejiya da gawo da mangwaro, to wani ne ya biya kuɗinsa. Ruwan sama na ƙarshe ya sauka tun wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, hunturu ya zo ya busar da abin da ya rage, ga bazara ta kunno kai da zafinta. A irin wannan lokaci kore iri biyu ne ke jan ido a masarautar Dutse. Akwai na fangalin albasa da tumatir da alkama a bakin kogi, daga ƙauyukan Birnin Kudu har zuwa Gwaram. Akwai kuma na filin wasan golf da marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, ya kafa a gefen birninsa.

Marigayin, wanda ya hau gadon sarauta a 1995 ya rasu a ƙarshen Janairun 2023, an san shi da son wasan golf da son dashen itatuwa, kuma filin nasa na cikin abubuwan da ake nuna wa baƙo in ya zo Dutse. Birnin Kudu da Gwaram duk ƙasar masarautar Dutse ce, hakimansu a fadar Dutse suke gaisuwa. Amma in ka ce wa mai lambu a Gwaram akwai abin da ya haɗa shi da wurin da masu hannu da shuni ke bin ƙaramar ƙwallo da sanda, dariya zai yi maka. Ni kuwa ina ganin abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su. Dukansu suna da inda ruwa ke fitowa, da injin da ke jawo shi, da hanyar da yake bi, da bakin da yake zuba. Kuma dukansu waɗannan kaya suna tsufa a hannunsu, sau da yawa ba tare da an lura ba.

Mu fara da lissafi, don shi ne ba ya son kai. A tsakiyar bazara, rana da iska kan kwashe ruwan da ya kai milimita 6 zuwa 8 kowace rana daga ƙasa mai shuka. Milimita ɗaya a faɗin hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan hekta ɗaya ta ciyawa ko ta albasa tana shan wajen lita 70,000 a wuni, jarka 2,800 ta mai ga-ruwa. Filin golf mai ramuka 18, in aka ce za a shayar da duk hanyoyin da ƙwallo ke bi, abin kan haura hekta goma, ruwansa kuma ya doshi lita miliyan ɗaya a rana. Wannan ba ƙaramin ruwa ba ne ko a ina, balle a ƙasar da ke zaune a kan dutse.

Maganar dutse ba salon magana ba ce. Wanda ya taɓa zuwa ganin zanen mutanen dā a Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya ga irin ƙashin bayan wannan yanki. Arewa maso gabashin Jigawa, wajen Haɗeja da Gumel, na kan yashi da laka mai kauri na kwarin Tafkin Chadi, inda ruwa ke kwance a ƙarƙashin ƙasa da faɗi. Dutse da Birnin Kudu da Gwaram kuwa suna kan tsohon fā, ruwa ba ya samun maɓoya sai a ruɓaɓɓen saman dutsen ko cikin tsagoginsa. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a nan ta ba da ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata a tarar da ƙura. Inda ruwa ke da tabbas shi ne yashin gefen koguna: Kogin Iggi da 'yan uwansa a ɓangaren Birnin Kudu, da babban kogin da ke gangarowa daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Ningi ya biyo ta Gwaram kafin ya isa Jama'are. Da damina ya cika ya batse har ya ci gonaki da gadoji, da rani ya koma yashi, amma yashin na riƙe da ruwa a cikinsa. A kan wannan ajiya noman ranin yankin ya dogara.

Turawan da suka kawo golf Arewa sun fahimci wannan matsala tun da wuri, suka kauce mata. A tsofaffin filaye irin na Kano da Zariya da Kaduna da Rayfield na Jos, wanda aka buɗe a 1913, shekara da shekaru ba ciyawa ake shukawa a kewayen rami ba. Yashi ake tankaɗewa a cakuɗa da baƙin mai, a shimfiɗe a daddaɓe, yaro ya bi da abin share sawu bayan kowane ɗan wasa. Ba ya shan ruwa ko ɗigo. Sai daga baya, da ido ya saba da korayen filayen da ake gani a talabijin, kuma aka buɗe filin IBB na Abuja a 1991, kowane kulob ya fara burin ciyawa. Abin dariyar shi ne ciyawar da aka fi shukawa a filayen ƙasashe masu zafi dangin ƙiri-ƙiri ce, wadda manomi ke kwana yana tsine wa saboda ko ka nome ta sai ta dawo. Abin da wani ke biyan 'yan ƙwadago su cire, shi wani ke biyan injiniya ya shayar.

Ranar da kulob ya zaɓi ciyawa, ranar ya ɗaura aure da bututu. Cikakken tsarin ban ruwa na filin golf abu ne da ke binne: tafki ko rijiyoyi, ɗakin injuna, manyan bututu da ƙanana masu tsawon kilomitoci, wayoyin lantarki da ke bin su, da kawunan feshi da kan kai dubu ko fiye, waɗanda ke ɗagowa daga ƙasa in ruwa ya turo su, su yi juyi su koma. Masu zana filayen golf a Amurka sun daɗe da ƙiyasta wa kowane sashe kwanakinsa: bututun roba na PVC shekara 10 zuwa 30, injunan turo ruwa 15 zuwa 20, na'urar da ke ba da umarnin buɗewa da rufewa 10 zuwa 15. A ƙasarmu sai a rage, domin akwai abokan gāba da lissafin nasu bai sa ba. Ruwanmu na ɗauke da yashi, yashi kuwa yana cin farfelar inji yana buɗa bakin feshi kamar yadda ruwa ke cin gaɓa. Wutar lantarki na zuwa ta ɗauke ba sallama, kuma duk lokacin da inji ya tsaya ko ya tashi farat ɗaya, ruwan cikin bututu kan yi wata irin tunkuɗa da ke girgiza mahaɗai. Yau kaɗan, gobe kaɗan, wata rana gwiwar bututu ta tsage. Ga gara da ɓeraye a kan waya, ga tsawar farkon damina da kan ƙone na'ura a dare ɗaya.

Tsufan ba ya zuwa da shela. Alamarsa ta farko ita ce wani gefe ya yi laɓo har takalmi na nutsewa, wani gefen kuma ya bushe ya yi ja. Mai kula da fili ya ga busasshen wurin, sai ya ƙara lokacin feshi, wurin da ya riga ya jiƙe ya ƙara jiƙewa, man janareta ya ƙaru, ruwan tafki ya ja baya da wuri. Haka za a yi ta zuba kuɗi ana ganin ƙarancin ruwa ne, alhali rijiya ta bayar, guga ne ya hana. Sannan kayan gyara su fara wuya, domin kamfanin ya daina ƙera irin wancan kan feshin, a koma cire na rami na 17 a sa wa na 3. Mafi muni, mutumin da ya san inda kowane bututu ya bi ya yi ritaya ko ya rasu, ba a bar taswira ba, a wayi gari ana tona fili kamar masu neman gyaɗar da ta maƙale.

Masu abin sun gano cewa sabuntawa ba lallai ta zama ƙari ba. A Pinehurst da ke jihar North Carolina, ɗaya daga cikin filayen da suka fi suna a Amurka, an yi wa fili na biyu gyara a 2010 zuwa 2011. Maimakon a ƙara bututu, sai aka tuge ciyawar gefe-gefe aka bar yashi da tsiron daji, aka rage kawunan feshi daga wajen 1,100 zuwa 450, ruwan da filin ke sha ya ragu da fiye da rabi, kuma a 2014 aka buga babbar gasar US Open a kansa. Wato masu kuɗin duniya sun zagayo sun dawo kusa da dabarar da tsofaffin filayen Arewa suka fara da ita. Duk kulob ɗin da ke ƙasa irin tamu, in zai sabunta kayansa, tambayar farko ba wane inji za a sayo ba ce. Tambayar ita ce ina ne dole ya yi kore, ina ne za a bar wa Allah da damina.

A bakin kogi

Yanzu mu sauka fadama, inda abin ya shafi tuwo. Dattawan Gwaram da Birnin Kudu sun san zamanin jigo: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya, mutum ya wuni yana sunkuyo yana ɗagowa don ya shayar da abin da bai kai rubu'in eka ba. Jigo na da wahala, amma ba shi da abin da mai shi ba zai iya gyarawa da gatari da igiya ba. A shekarun 1980 hukumar raya karkara ta tsohuwar Jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa ƙananan injinan fetur da gajerun rijiyoyin bututu da ake kafawa a yashin fadama, shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a kai daga farkon shekarun 1990, lokacin da Jigawa ta riga ta samu jiharta a ranar 27 ga Agustan 1991. Cikin shekaru kaɗan jigo ya zama labari, inji mai inci biyu ko uku ya zama abin da ake ɗaurawa a bayan babur da asuba.

Wannan inji shi ne zuciyar noman rani, kuma yadda yake tsufa kowane manomi ya sani a aikace ko da bai iya faɗa ba. Sabo, kana ja sau ɗaya ya tashi, tiyo ya cika ya yi tauri. Bayan rani biyu ko uku sai ya fara shan baƙin mai, hayaƙi ya canza launi, robar da ke hana iska shiga ta saki. Inji ba ya jan ruwa sai an fara ɗura masa ruwa a ciki, da ruwan ciki ake jan na rijiya, to in mahaɗar mesa na shan iska, sai a yi ta ɗurawa yana zubarwa, rana na yi. In matacin bakin mesa ya yage aka ƙyale shi, yashi ya shiga ya cinye farfela, injin na kuka kamar da, yana shan mai kamar da, amma ruwan da yake bayarwa ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ba wanda ya auna. Ita ma rijiyar tana toshewa a hankali. Shi kuma tiyon da ake shimfiɗawa a rana, ya huje a wuri goma, an ɗaɗɗaure da tsohuwar robar taya, kowane ɗauri na tsiyaya.

Sai kuma hanyar ruwa. Daga bakin tiyo ruwa kan bi 'yar kwata ta ƙasa zuwa fangali, kuma a ƙasa mai yashi wani kaso mai yawa na nutsewa tun bai isa ba. Ƙiyasin da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi ya nuna ban ruwa na malale yana kai wajen kashi 60 cikin ɗari ga shuka, na feshi 75, na ɗigo 90, ban da abin da ya salwanta a hanya. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, wannan asara ba ta da zafi. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafi, lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Daga nan kowane ɗaurin roba a jikin tiyo ya zama ramin da kuɗi ke zurarewa.

Duk da haka ban cika jin tsoro game da inji ba, domin yana da mai shi. In ya tsaya, kafin azahar yana gaban bakanike a Birnin Kudu ko a kasuwar Sara, an kwance kafireto an wanke, an canza fulogi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kayan da ba su da uba.

A zamanin Gwamna Audu Bako, 1967 zuwa 1975, da shekarun da suka biyo baya, tsohuwar Jihar Kano ta gina madatsun ruwa fiye da kowace jiha a Arewa: Bagauda, Tiga, Kafin Ciri, Tomas, Watari, da ƙanana irin ta Birnin Kudu da ta Warwade kusa da Dutse. Yawancinsu tarin ƙasa ne da aka daddaɓe, kuma yau sun kai shekara hamsin ko sun doshe ta. Madatsar ƙasa tana tsufa ta hanyoyi sanannu. Kowace damina na kawo laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa, cikin dam ya cike daga ƙasa, sai ka ga ruwa shimfiɗe da faɗi alhali zurfinsa ya tafi. Itatuwa na tsirowa a jikin bangon, mutane na jin daɗin inuwarsu, saiwarsu kuwa tana huda hanya, ranar da itacen ya mutu saiwar ta ruɓe, ruwa ya samu ƙofa. Gara na gini, zaizaya na cin bayan bango, ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa ta ƙi juyawa saboda an shekara ba a shafa mata giris ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ƙwararre daga waje. Adda, da kwandon giris, da mutum ɗaya mai albashi da littafin rubutu sun isa rabin aikin. Mun kuwa ga ƙarshen sakaci: Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988, madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ta shanye rabin Maiduguri.

Dalilin sakacin ba ɓoyayye ba ne. Sabon gini yana da ranar buɗewa, da allo mai suna, da masu kiɗa. Yashe kwata ba shi da ko ɗaya. Kasafin kuɗi na son abin da za a yanke wa ƙyalle, shi ya sa ya fi sauƙi a samu biliyan ta sabon aiki da a samu miliyan ta gyaran tsoho. Manoma kuma, tun da aka ce musu kayan gwamnati ne, suka naɗe hannu. Mutanen da ke fita aikin gayya su gyara masallaci ko maƙabarta ba tare da an roƙe su ba, su ne za su wuce ƙofar ruwa tana yoyo shekara uku suna jiran a turo daga Dutse.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kuɗi kusan dala miliyan 500, ya yi ƙoƙarin taɓa wannan jijiya. Ya gyara manyan ayyukan Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wato na Kadawa a Kano da na kwarin Haɗeja da Shugaba Buhari ya buɗe a Auyo a Janairun 2023, inda kacala da laka suka daɗe da shaƙe magudanai. Amma siminti ba shi ne sabon abin da ya kawo ba. Sabon abin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke karɓar kuɗin ruwa daga mambobinsu su riƙe wani kaso don gyaran ƙananan magudanai da kansu. In aka duba da kyau, tsarin kulob ɗin golf ke nan: kowa ya biya kuɗin shekara, a ware na gyara, a san wanda za a tuhuma in wuri ya bushe. Sai dai waɗannan manyan ayyuka suna can arewa da yamma. Kudancin jihar, mai ƙananan madatsu da dubban rijiyoyin fadama, ba shi da babbar kanal da za ta jawo hankalin masu ba da bashi, don haka in za a yi irin wannan tsari a nan, sai dai a gina shi a kan abin da ke akwai: sarkin noma, dagaci, da ƙungiyoyin da manoma suka riga suka kafa don karɓar taki.

Sola, da abin da ke bayanta

Gyaran da kowa ke magana a kai yanzu shi ne injin sola. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta sa noman rani a gaba, musamman alkama da shinkafa, 'yan kasuwa ma sun cika shaguna da faifan sola da injinansu. Wanda ya ɗanɗana wuni guda na ban ruwa ba tare da ya sayi lita ko ɗaya ba, ba zai so komawa ba, kuma yana da gaskiya. Amma sola na da nata halin. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan faifai ta rage ƙarfinsa daidai lokacin da alkama ke neman ruwa, sai an bi shi da tsumma. Ba ya son a ja shi a bayan babur kullum, barinsa a gona kuma sai da mai gadi. In na'urar da ke sarrafa wutar ta ƙone, bakaniken da ya ƙware a kafireto ba abin da zai iya, sai a nufi Kano. Kuma ɗora sabon inji a kan tsohon tiyo mai huji goma da kwatar yashi daidai yake da sabon guga a tsohuwar igiya.

Akwai abin da ya fi wannan. Tsadar fetur, duk da zafinta, ita ce ke sa manomi ya kashe inji da zarar fangali ya cika. Rana kuwa kyauta ce, ba abin da zai sa a kashe. A jihar Punjab ta Indiya, inda aka ba manoma lantarki kyauta tun ƙarshen shekarun 1990, ruwan ƙasa ya yi ta nutsewa har rijiyoyi suka riƙa ƙafewa ana bin sa da zurfi. Yashin kogin Gwaram yana da sa'ar da Punjab ba ta da ita, domin kowace damina ambaliya na sake cika shi, tun da har yau ba a kammala madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana gardama a kanta a sama ba. Amma ajiyar shekara guda ce, ba ta da zurfi, kuma ƙarƙashinta dutse ne. In kowa ya ja yadda ya ga dama daga Disamba, mai rijiya a nesa da kogi shi zai fara jin injinsa na shan iska a watan Maris, lokacin da albasa ke ƙosawa.

Masu kula da filayen golf na da wata al'ada mai arha. Kafin su kashe ko kwabo a kan sabbin kaya, sukan jera ƙananan kofuna a kan ciyawa, su kunna feshi na minti goma ko sha biyar, su auna abin da kowane kofi ya tara. A nan ake gane kan feshin da ya lalace da wanda ke zuba wa hanya ruwa. Gwangwanin madara ma zai yi wannan aiki. Na mai lambu ya fi sauƙi: duro mai lita 200 da agogon waya. A sa bakin tiyo a duro a farkon rani a ga daƙiƙa nawa zai cika, a rubuta a bangon ɗaki ko a bayan littafin yaro. A sake a Janairu, a sake a Maris. In lokacin ya ƙaru, a matso da duron bakin inji a sake gwadawa: in a nan ya cika da sauri, laifin tiyo ne, in a nan ma ya yi jinkiri, a duba farfela da mesa, in duk lafiyarsu ƙalau, to ruwan ne ya yi ƙasa, kuma wannan magana ce da ta wuce gona ɗaya, sai an zauna da maƙwabta.

Lokacin fara wannan duka shi ne Oktoba da farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin a yi fangali. A lokacin ne ake fito da injin da aka jingine a zaure tun watan Yuni, galibi da sauran fetur a cikinsa wanda ya riga ya daskare ya toshe kafireto, da tiyon da ɓera ya yi wa aiki a rumbu. A lokacin ne kuma layin gaban bakanike ke tsawo, kowa na so a gama masa nasa yau, domin irin albasa ya riga ya isa dashe.